Gyaɗar da Baturiya Ba Ta Ɓare Ba

Nagode ce ta tono mini wannan zance, ita da littattafanta. Yarinyar da na raina tun tana shekara huɗu, yau wai ita ce malama, ta zo hutu tana karanta mini abin da aka koya musu. Wai akwai masana da suka ƙarar da rayuwarsu wajen kallon yara. A sa uwa da ɗanta a ɗaki, a ce uwar ta fita a ga yadda zai yi, a ce ta dawo a ga ko zai ruga gare ta ko zai juya mata ƙeya. Wai sawun abin yana bin mutum har cikin ɗakin aurensa. Na ce to, sannunsu da aiki. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na ga yarinyar da aka fita aka bari ba a dawo ba, na kuma ga matar da ta zama. Uwar Nagode ce, Baturiya. A ranar bakina ya yi nauyi, ban gaya mata komai ba. Ku nake gaya wa.

Ni ce Kubura, ƙanwar Gajere uban Baturiya. Garinmu Tungar Falalu ne, a bakin gulbi cikin ƙasar Maradun. Kada wanda ya wahalar da kansa wajen nema, yana ƙarƙashin ruwan dam, da rumbunanmu da kaburburanmu. An haife ta a shekarar da Turawa suka fara yawo cikin fadamarmu da sanduna masu zane suna awon ƙasa, shi ya sa ake ce mata Baturiya. In ba haka ba baƙa ce wuluk, kamar ubanta.

Ɗiyar fari ce, kuma kun san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi sai ta kau da kai har wata ta ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna mace. Hindu, matar Yaya Gajere, ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. Ba muguwa ba ce, kada ku ɗauka haka. Abin da aka koya mata ta yi, aka kuma yabe ta a kai.

Da aka fara aikin dam, Yaya Gajere ya koma Talata Mafara yana leburanci, ya tafi da matarsa. Yarinya na cika shekara biyu aka kawo ta yaye wurin Innarmu, Marka. Yaye kwana nawa ne? Sati biyu, uku, yaro ya manta nono a mai da shi. Baturiya sai da ta yi shekara huɗu.

Kai, ban taɓa ganin shaƙuwa irin ta waɗannan biyun ba. In Inna za ta fadama duba albasa, ga Baturiya riƙe da bakin zanenta. In tana dakan daddawa, ga ta zaune a gindin turmi tana surutu kamar rediyo. Kuma ba matsoraciya ba ce a lokacin, wannan nake so ku riƙe. Sai ta saki zanen ta ruga har gindin tsamiya, ta waiwayo, in ta ga Kaka na nan sai ta ƙara gaba har bakin ruwa, tana jifan kwaɗi. Waiwaye ɗaya ya ishe ta. Ko ƙaya ta taka, da Inna ta tofa mata yawu a wurin shi ke nan, ta warke.

Sai ruwa ya taso. Aka ce kowa ya tashi, motoci za su zo su kwashe mu. Inna za ta bi babban wanmu Tsoho zuwa sabon mazaunin da aka nuna musu a kan tudu, wuri mai tsakuwa, ba inuwa, ruwan sha ma sai an yi tafiya. Maza suka yanke cewa ba za a kai yarinya can ba, ta koma hannun iyayenta a Mafara. Ni lokacin amarya ce, a Mafara aka kai ni, sai aka ce in zo in tafi da ita.

Yadda za a raba su kuwa, wannan aikinmu ne mu mata. A wurinmu ba a sallama da yaro. Ɓace masa ake yi. A ba shi abin wasa ko a aike shi maƙwabta, kafin ya juyo an tafi, ya yi kukansa ya gaji ya manta. Haka aka yi mana, haka muke yi.

Inna ta ce, "Ku bari in gaya mata. Ɗiyar nan tana da hankali."

Muka taso mata gaba ɗaya. "Haba Inna! Ki gaya mata mi? So kike ta tara mana jama'a?"

Ni ce na ce a ba ta gyaɗa ta ɓare. Ni, da wannan bakin nawa. Har daɗi na ji da aka ce shawarata ta yi.

Da hantsi motoci biyu suka tsaya a bayan gari, ɗaya ta tudu, ɗaya ta Mafara. Ana ta ɗora tukwane da ƙyauren ɗaki da akuyoyi. Inna ta ja yarinya gindin tsamiya, ta zaunar da ita ta ba motocin baya, ta aje mata ƙoƙo cike da gyaɗa.

"Baturiya, ɓare mini wannan. Kahin ki ƙare na dawo."

"To, Kaka."

Inna ta dafa kanta, hannun ya daɗe a wurin har sai da na yi gyaran murya. Sannan ta zagaya bayan rumbu, aka ɗora ta a mota. Fuskarta a rufe da gyale har suka ɓace.

Na tsaya nesa kaɗan ina kallo. Da fari sauri take yi, 'yan yatsun nan kamar ana kora su, don Kaka ta dawo da wuri. Ƙoƙo ya yi rabi ta waiwaya. Ta ci gaba. Ta sake waiwayawa. Daga nan hannun ya fara sanyi, ta ɓare ɗaya ta daɗe tana juya ɓawon kafin ta ɗauki wata. Da ya rage guda ɗaya tak sai ta tsaya. Ta ɗauke ta ta damƙe a hannu.

Na zo na ce, "Tashi mu tahi."

Ta ce, "Gwaggo, ban ƙare ba."

Kun gane lissafinta? Kaka ta ce kafin ta ƙare za ta dawo. Muddin ba ta ƙare ba, Kaka ba ta yi ƙarya ba. Yarinya 'yar shekara shida ce ta yi wannan tunanin, mu manya muna tsaye muna taƙamar wayo.

Da ƙarfi na sungume ta. Ihun da ta yi a motar nan har yau yana kunnena. Ta yi ta kiran Kaka har muryar ta dushe, ni kuwa ina ta daka mata tsawa don ta ba ni kunya a gaban mutane. Hannun nan bai buɗe ba har Mafara.

Muka shiga gida, mata sun cika tsakar gida sun zo ganin baƙin da ruwa ya koro. Na dire ta a gaban uwarta. Yarinya ta tsaya tana shessheƙa ba murya, majina har haɓa, tana kallon matar da ba ta sani ba. Wallahi na ga hannuwan Hindu sun motsa. Na gani da idona. Sai ta dubi matan nan, ta mai da hannuwan cikin zane, ta ce, "A ba ta ruwa." Ta shige ɗaki. Mata suka ce kai, Hindu akwai kunya.

Tun daga ranar mazaunin Baturiya ya zama bakin zaure. Da an yi sallar asuba ta fita, duk motar da ta wuce sai ta miƙe. A kai mata tuwo can, in an ja ta ciki ta koma. Wata biyar da tashinmu Inna ta rasu a kan tudu. An ce zazzaɓi ne. Ni dai na san tsohuwar da aka raba da fadamarta da jikarta rana ɗaya ba ta buƙatar wani dogon ciwo. Muka je muka yi zaman makoki muka dawo, kuma ba wanda ya gaya wa yarinya, don ba a gaya wa yaro mutuwa. In ta tambaya sai a ce, "Kaka ta yi tahiya."

Gyaɗar nan a ƙulle take a bakin zanenta. Wata rana ina gidan, Hindu na wanki, ta ci karo da ƙullin. Ta kwance, ta dubi abin da ke ciki, ga gyaɗar ta yi baƙi don damƙa. Na zaci za ta yar. Sai ta yagi ƙyalle daga tsohon ɗankwalinta, ta naɗe ta, ta sake ƙulle ta a inda take. Yarinyar ma ba ta san an yi ba. Iyakar abin da uwa ta iya yi ke nan.

Shekara biyu tana gadin ƙofa. A shekarar da aka yi rikicin manoma da hukuma a kan dam har aka rasa rayuka, gari ya cika da zaman makoki, ba a zancen komai sai na matattu. A bakin rijiya ta ji wata mata na lissafa mutanen Tungar Falalu da suka ƙare tun bayan tashi, ta sa da Marka a ciki, ta wuce zuwa suna na gaba. Baturiya ta cika tulunta, ta ɗauka, ta kawo gida. Ko ɗigon hawaye. Daga ranar ta daina zama a zaure. Ta kuma daina zuwa wurin kowa. In ta ƙone a murhu sai ta shige bayan ɗaki ta hura abinta ita kaɗai. In za ka taɓa ta sai ta janye kafaɗa.

Mutane kuwa sai yabo. "Ɗiyar Gajere ba ta da ƙiriniya. Ba kuka, ba roƙo." Tir da wannan yabo. Yarinya ta mutu a tsaye muna cewa ta yi hankali.

Ta girma ta zama mace mai aiki kamar ba ta san gajiya ba. Shinkafar da ake nomawa a bakin kwalbatocin ruwan dam take saye ta turara ta shanya, kuma duk Mafara an san tata ba tsakuwa. Mijinta na fari Isa ne, ɗan kasuwa mai bin kasuwannin Dakko da Damri da buhunan albasa. Mutumin kirki ne, kuma yana son ta, wannan ba na shakka. Amma in zai fita ya ce, "Sai na dawo," ba ta amsawa. In ya dawo ya yi sallama, sai ya tarar da bayanta, tana kwashe tuwo kamar ba ta ji ba. Shi bai san tun la'asar take tsaye a bayan ƙyaure tana sauraren ƙarar babur ba. Ni na sani, don katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Na ce mata, "Ke wace irin mace ce? Ki yini kina jiran mutum, ya zo ki yi mishi kallon bango?"

Ta ce, "Wa ya ce miki jira nike?"

Da ya ce zai tafi ci-rani kudu na wata uku, ba ta ce kada ya tafi ba. Ita ta haɗa masa kaya. Saura sati biyu ya dawo ta kwashe kwanukanta ta koma gidan ubanta. Aka yi sulhu, aka yi lallashi, aka yi zagi, nawa ma ya fi na kowa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Gara in tashi da ƙahwata." Isa ya gaji ya rubuta mata takarda yana hawaye.

Na biyu ita ta zaɓa da kanta: Manu, manomin bakin kwalbati, shi ma maƙwabcinmu, mai ɗingishi, wanda bai taɓa wuce gonarsa da masallaci ba. Muka yi ta yi mata tsiya, wai ta nemo wanda ko ya so gudu ba zai iya ba. Ba ta yi dariya ba, daga baya na gane ba ta ɗauke shi wasa ba. Manu mutum ne mai sanyi. In zai fita sai ya ce, "Ina gona, da azahar ina gida," kuma da azahar yana gida, yau da gobe da jibi, shekara da shekaru. A hankali na fara jin tana amsa masa sallama.

Sun daɗe ba haihuwa. Da ɗiya ta zo aka ce da ita Nagode. A nan Baturiya ta tayar wa unguwa da hankali. Ɗiyar fari, amma ta tsaya tsakar gida ta ƙwala kira, "Nagode!" har maƙwabta su ji. Ta goya ta, ta yi mata rawa, ta sumbace ta a gaban surukai. Lokacin yaye aka ce a kai wa Hindu, ta ce ba inda za a kai ta, a cinyarta za ta yaye ta. Na ce, "Ke ba ki da kunya ne?" Ta ce, "Awo, babu." Kuma gaskiya abin nata ya yi yawa, ba zan ɓoye ba. Yarinya ba ta isa ta leƙa ƙofa ba sai ta bi ta. Sai Manu ya ce, "Bar ta ta je gidan Gwaggo, ga ta nan kina jin muryarta." Ta bar ta, amma tana tsaye jikin katanga.

Nagode na shekara huɗu ciki na biyu ya zo da ciwo. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta kumbura, ido ya fara yi mata duhu. Ungozoma ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a asibitin gari kuma aka ce sai Sakkwato. Aka samo mota za ta zo da safe, aka ce ni zan riƙe Nagode.

To ga inda nake so ku ji irin wautata. Mota ta tsaya a ƙofa, mata suka ce a kau da hankalin yarinya kafin a fito da uwar. Lokacin kaka ne, gyaɗa ko'ina a gidan. Na ɗebo a kwano, na zaunar da Nagode ta ba ƙofa baya, na ce, "Ɓare mini wannan, 'yar albarka." Na rantse da Allah ban tuna komai ba. Shekara ashirin da wani abu, hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba.

Aka fito da Baturiya, mata biyu na riƙe da ita. Ta tsaya cak.

"Gwaggo. Gyaɗa kuma?"

Ba mu taɓa yin zancen ba, ko sau ɗaya. Ni a zatona ta manta, yaro ai mantawa yake yi.

Ta ce, "Ƙoƙon yana da tsaga a baki. Kina tsaye wajen turken jaki, da jan gyale. Komi na gani."

Ta sa ƙafar nan mai kumburi ta ture kwanon, gyaɗa ta watse. Ta ce a sake ta. Da ƙyar ta durƙusa, ta juyo da yarinyar suna fuskantar juna.

"Nagode, dube ni. Ba ni da lahiya. Za a kai ni asibiti mai nisa cikin motar can. Yau ba ni dawowa, gobe ma ba ni dawowa. In Allah ya ba ni sauƙi in dawo. In bai ba ni ba, ba ni dawowa. Ba don kin yi laihi ba ne. Kina wurin Gwaggo da Babanki."

Gida ya ɗauki salati. "Innalillahi! Tohe yawunki! Wane irin mugun baki ne wannan?" Yarinya ta fasa ihu ta ƙanƙame wuyanta. Baturiya ba ta ɓamɓare ta ba, ta bar ta ta yi kukan a jikinta, direba na ta danna oda a waje. Sai da kukan ya sassauta ta zare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa hannun cikin nawa.

"Gwaggo, in ban dawo ba ki gaya mata da bakinki, a ranar. Kada ki ce na yi tahiya."

Na ce, "Ke dai ba ki da tausayi. Dubi yadda kika firgita ɗiya." Wannan ce maganata ta ƙarshe da ita. Ta nemi a riƙe yarinyar a bakin ƙofa ta ga tashin motar, aka yi haka.

Kwana uku aka aiko. Ita da abin cikin, duka. Saƙon ya iso da hantsi, Nagode na bayan ɗaki tana wasa da gwangwani. Nan take mata suka fara, "A bari tukuna. A ce ta yi tahiya, in ta girma ta gane." Ni ma, don kunyar Allah ba ta ishe ni ba, har na fara gyaɗa kai.

Hindu na zaune a gefe, ta tsufa. Sai ta ɗago.

"Baturiya ta ce a gaya mata."

Tun da ta haife ta ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ta sake faɗa, a hankali, ba da kowa take ba: "Baturiya."

Na tashi na je bayan ɗaki na durƙusa, na gaya wa yarinya uwarta ta rasu, ba za ta dawo ba. Ta doke ni a ƙirji, ta cije ni a nan, ga tabon. Kwana huɗu tana kuka tana ƙin abinci. A na biyar da rana ina tsince shinkafa, ta zo da kanta ta ture faifan, ta hau cinyata ta yi barci. Ta yi ta tambayar uwarta shekara da shekaru, ina ba ta amsa. Amma ko sau ɗaya ban taɓa ganin ta a bakin zaure tana duban hanya ba.

Bayan arba'in muka buɗe kayan mamaciya. A ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwan fita, akwai ɗan ƙulli na tsohon ƙyalle da ya koɗe. Hindu ta miƙo hannu ta ce, "Ɗankwalina ne." Ta kwance. Ɓawon na nan lafiya lau, ba a fasa ba, sai ɗan huji da ƙwaro ya yi. Ta kai kunne ta girgiza, ba abin da ya motsa a ciki.

Ta miƙo mini, ta ce, "Riƙe. Ke kika ce a ba ta."

Yana cikin akwatina har yau.